Fayif Casa'in da Shida

Kwararafa, Jos
4 ga Maris, 2024

Zuwa ga Baffa Bala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Tabawa da duk mutanen Toro. Baba da Mama suna gaishe ka, suna yi maka barka da ƙaratowar azumi. Tunda kunne ya hana ka waya, kuma ka ce rubutun cikinta ƙanana ne kamar ƙwan kwarkwata, zan ci gaba da ba Ibrahima direba takardata ya kawo maka.

Baffa, aji uku na jami'a ya zo da sabon abu. Shekara biyu muna zana gini da fensir da rula, yanzu an kawo mana wata manhaja ta kwamfuta da sunanta na Turanci yake nufin fara, ƙwaron nan mai tsalle, don haka Fara muke kiran ta. Abin mamakinta shi ne ba ka zana ginin da hannunka. Ƙa'ida kake ba ta. Ka ce ginshiƙi kaza, tazara kaza, tsawo kaza, ka haɗa umarnin da wasu zare-zare a fuskar kwamfuta, sai ta fitar da siffar. In ka canja lamba ɗaya, ginin duka ya motsa ya gyara kansa.

Haka dai malamarmu Dakta Nmachi take yi, kamar wasa. Ni kuwa ranar farko na so in jera ginshiƙi goma, na haɗa zaren ba daidai ba, ta jera mini dubu goma. Kwamfutata ta ɗauki zafi, ta yi ta huci kamar tsohuwar tifa a hawan Gada Biyu, sannan ta sandare. Ajin duka aka kwashe da dariya. Na yi dariyar tare da su, amma a cikin keke da zan koma gida sai da na share hawaye.

An ba mu aiki bibbiyu. Matan da ke sayar da dankalin Turawa da kabeji a bakin titi a Laranto ba su da rumfa, kuma ƙungiyarsu ta ce za ta gina zanen da ya fi kyau kafin damina ta kankama. Ina so ya zama namu, amma har yanzu ban iya jera ginshiƙi goma ba. Ka sa ni a addu'a.

Taka,
Ummusalma

*

Toro
10 ga Maris

Uwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta wa Tabawa da ƙarfi, ta ce in rage murya don har maƙwabta sun ji labarin ginshiƙi dubu goma. Ni ba na jin kaina, ina ruwana.

Fara dai a faranti na san ta, da yaji da ƙuli. Ban taɓa jin wadda take gini ba. Amma da na maimaita karatun sau uku, sai na ga ba baƙon abu kika faɗa ba. Lokacin da nake walda a Gada Biyu, in za a yi get, ba na auna kowane ƙarfe. Guntun katako nake yanka, faɗin yatsa huɗu, in riƙa sa shi tsakanin ƙarfe da ƙarfe. In mai gida ya ce ya fi son su matsu, katakon nake ragewa, get ɗin duka ya canja. In ban yi kuskure ba, farar nan taku guntun katako ce da ta yi boko.

Kin ci sunan mahaifiyata, ita kuwa ba ta taɓa kuka don an yi mata dariya ba, sai dai ta rama. Ki bar ginshiƙi goma. Ki jera biyu. In sun tsaya, ki ƙara na uku.

Sannan ki je wajen matan nan kafin ki zana musu komai. Ki tambaye su ta ina ruwa yake dukan su, ƙarfe nawa rana take shiga idonsu. Wanda ke zaune a wuri ya fi mai tef ɗin awo sanin wurin.

Ki gaida ƙanena, ki ce masa rigar sallata kada ya matse wuyan kamar ta bara. Allah ya yi miki albarka.

Baffanki,
Bala Mai Walda

*

Kwararafa
24 ga Maris

Baffana,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Baffa, ta ji magana! Fara ta ji magana!

Na fara da biyu kamar yadda ka ce. Ranar Laraba ina zaune a ɗakin zane na sashenmu sai kawai abin ya faɗo mini, na gane inda nake haɗa jerin lambobi da wani jerin ba bisa ƙa'ida ba. Na gyara zare ɗaya, na ja lambar, ginshiƙan suka bi hannuna, suna matsowa suna buɗewa. Na yi ihu da azumi a bakina. Abokiyar aikina Theodora ta yar da biro, ta ce, “Salma, maciji ne?” Na ce mata zo ki gani. Muka yi ta jan lambar gaba da baya kamar yara sun samu lilo.

Theodora 'yar Jos ce haihuwa da girma, babanta yana sayar da ƙarafa a Laranto. Ta fi ni lissafi, na fi ta ido, shi ya sa muka dace.

Mun je wajen matan. Shugabarsu Hajiya Maijidda ta dube mu sama da ƙasa, ta ce, “Ku ne za ku yi mana rumfar? To ku zauna.” Ta kifa mana bokiti biyu muka zauna. Ta ce hadari daga gabas yake zuwa da iska, ruwan ba daga sama yake sauka ba, daga gefe yake marin su. Ta ce ƙanƙarar bara ta farfasa mata kabeji buhu biyu. Wata kuma ta ce ita dai kada a rufe musu fuska, don in mai mota bai hango dankali ba, ba zai tsaya ba.

Sai muka ba Fara waɗannan ƙa'idoji. Rufin ya sunkuya ƙasa ta gabas, ya ɗaga sama ta bakin titi, ya kuma karkata kaɗan-kaɗan har ruwan duka ya gangara kusurwa ɗaya inda za a sa tanki. Abin da ya fito, Baffa, kamar zanin da iska ta ɗaga a kan igiya. Fayif na ƙarfe casa'in da shida ne a rufin, babu biyu masu tsawo ɗaya. Ga hoton na buga maka, ga kuma jerin tsawon kowanne. Ka duba da idon mai walda, kada ka ji tausayina.

Taka,
Ummusalma

*

Toro
30 ga Maris

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na shimfiɗa takardunki a tabarma tun bayan azahar, sai da Tabawa ta taɓa kafaɗata na san an kira magariba. Abu ya yi kyau. Na faɗa sau ɗaya, ba zan ƙara ba, kada kanki ya kumbura.

Yanzu ga duka.

Na ɗaya, farar taki ta ɗauka ƙarfe zare ne. Ƙarfe yana da kauri. Inda fayif uku suka haɗu a zanenki, a ƙasa ba za su shiga wuri ɗaya ba, sai kin bar wa kowanne mazauni.

Na biyu, kin rubuta mita shida da rabi a wurare bakwai. Wa zai sayar miki? Fayif na kasuwa sunansa mita shida, in kika sa masa tef da ƙyar yake kai biyar da ɗigo takwas. Ki je da tef ɗinki ki auna da kanki.

Na uku, giranda, injin yankan ƙarfe, tana cin milimita uku a kowane yanka. Uku ba komai ba ne, amma ki ninka shi casa'in da shida ki gani.

Na huɗu, kwano ba zani ba ne. Yana yarda ya lanƙwasa, ba ya yarda a murɗa shi. Kusurwar arewa kin murɗa ta da yawa, nan zai yi yoyo a kan wata baiwar Allah.

Kuma duk wanda zai haɗa, ya fara ɗiga walda daga tsakiya ya fito gefe, don wuta tana jan ƙarfe. In ya fara daga gefe, kafin ya kai ƙarshe rumfar ta kalli Bauchi.

Ban san ko farar tana jin irin wannan magana ba. In ba ta ji, ki ce mata ni ma ba na ji, amma ina aiki.

Baffanki

*

Kwararafa
18 ga Afrilu

Baffa,

Assalamu alaikum, barka da sallah. An ce rigar ta zauna daidai, Baba har yanzu yana cika baki.

Mun ci, Baffa. Mu ne na ɗaya cikin zane goma sha huɗu.

Duk abin da ka lissafa na mayar da shi lamba na ba Fara: kaurin fayif, cin giranda, iyakar tsawo, iyakar murɗar kwano. Ta gyara rufin da kanta, ta kuma tsara yadda za a yanka don kada ƙarfe ya yi asara. Ranar gabatarwa Dakta Nmachi ta tsaya a kan milimita ukun nan, ta ce, “A wane littafi kuka samo wannan?” Na ce, “Littafin yana Toro, ranki ya daɗe.” Hajiya Maijidda tana cikin alƙalai. Da aka haska hoton a bango ta miƙe ta rangaɗa guɗa a tsakiyar jami'a, malamai suna ta kallon juna.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Mun kai zanen wajen masu walda huɗu. Na farko ya juya takardar sama da ƙasa ya miƙo mana. Na biyu ya ce, “Hajiya, ku daidaita su duka tsawo ɗaya in yi muku a kwana uku.” Na uku ya ce aikin Turai ne. Na huɗu ya karɓa, washegari ya kashe waya. Dakta ta ce in ba mu samu mai haɗawa ba zuwa ƙarshen wata, za a gina zanen da ya zo na biyu, don ruwa ba zai jira mu ba. Gaskiyarta ce, an riga an yi yayyafi sau biyu.

Baffa, na san abin da zan roƙa yana da nauyi. Tun ina 'yar shekara biyar ba ka taka Jos ba, ko bikin Yaya Adnan a Toro ka sa aka kawo maka amarya ka sa albarka. Amma mutum ɗaya ne ya kalli jerin lambobin nan ya gane su tun kafin a yi masa bayani. Ka zo ka haɗa mana, sati biyu kawai. Ɗakin Yaya yana nan babu kowa.

In na yi rashin kunya ka yafe mini.

'Yarka,
Ummusalma

*

Toro
22 ga Afrilu

Uwata,

Na yi murna, Allah ya sani. Na kai takardarki masallaci na nuna wa mutane.

Amma ba zan zo ba. Ba a taɓa faɗa miki dalla-dalla ba, to ga shi. Ranar da gari ya rikice a 2008, ina cikin shagona aka cinna wa layinmu wuta. Tukunyar gas ta fashe kusa da ni, ƙarar da na ji ta ƙarshe ke nan a duniya. Na farfaɗo a asibiti, aka rubuta mini a takarda cewa shago ya ƙone ƙurmus. Shekara ashirin da biyu ina wurin, ina gyara wa kowa ƙofa ban tambayi inda yake ibada ba. Ban riƙe kowa a zuciya ba, amma ƙafata ta ƙi hanyar.

Ban da haka, ba ni da inji, wuta ta cinye shi tare da layin. Nan ƙyauren kaji da kujerun makaranta nake ɗinkewa da na aro.

Ki nemi wani, zan rubuta masa komai ɗaya bayan ɗaya. Ki yi haƙuri da tsohonki.

Bala

*

Laranto, Jos
27 ga Afrilu

Oga Bala,

Ni ne Okey, mai ƙarfe, shago na uku daga naka a Gada Biyu. Ina gaisuwa. Hausana ka san shi, bai gyaru ba. Theodora ne yana rubuta, na ce kada ya gyara komai.

Yarinyana ya kawo ƙawansa shago su auna fayif. Ƙawan ya ce giranda yana cin uku, a fara walda daga tsakiya, in ba haka ba rumfa zai kalli Bauchi. Na ajiye abinci. Na ce wa ya koya maka wannan magana? Mutum ɗaya ne a duniya yana cewa abu zai kalli Bauchi. Ya nuna mini takarda, na ga hannunka. Oga, na zauna a ƙasa.

An gaya mini ka mutu. Ni ma na gudu ƙauye shekara biyu, da na dawo layi ya watse, ba wanda zan tambaya.

Ka ji abin da ya faru. Ran nan da safe kafin wuta ya iso, ka tuna ka tura injinka shagona saboda wayan lantarki naka ya lalace? Ni da ƙanena Obum mun sa shi a baro mun kai gidana, mun rufe da buhu. Babban injin, mai jan fenti, wanda ka rubuta sunanka da walda a gefe. Yana nan. Kowane Disamba ina kunna shi, ina share shi. Mutum biyar sun so saya. Matana ya ce wannan kaya yana cin wuri, na ce mai shi bai ba ni izini ba.

Salma ya ce ba ka ji yanzu. Ba damuwa. Da ma can ba ka jin magana.

Ba na ce ka zo don rumfa ba. Ka zo ka ɗauki kayanka, na gaji da gadi. In ka zo kuma ka ga fayif casa'in da shida a ƙofan shagona, wannan tsakaninka da su.

Abokinka,
Okey

*

Toro
30 ga Afrilu

Uwata,

Ki faɗa wa malamarku ta dakata. Motar Ibrahima ta safe, ranar Alhamis. Ki rubuta wa kowane fayif lambarsa da alli kafin in iso, ki samo sandar walda fakiti huɗu.

Ki ce wa Okey kada ya yi kuka a tasha, ni ba na son abin kunya.

Baffanki

*

Kwararafa
26 ga Mayu

Baffana,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa gida lafiya, kuma Inna Tabawa ta huce da sati biyun da suka zama uku. Gidan ya yi shiru. Mama ta ce yanzu sai ta riƙa jin kamar ita ce ta kurmance.

Ka tafi ran Laraba kana cewa ba ka yarda da rumfa ba sai ruwa ya gwada ta. To jiya ya gwada.

Wajen la'asar gabas ta yi baƙi. Na bar abin da nake yi na tari keke, na samu Theodora ta riga ni, tana tsaye da babanta. Iska ta taso da ƙarfi, ruwa ya zuba har da ƙanƙara. Mu kusan talatin a ƙarƙashi, har da masu keke da wani mai rake da ya fake. Kowa ya ɗaga kai yana kallon kwano. Ni kusurwar arewa kawai nake kallo.

Ko ɗigo, Baffa. Ruwan ya bi gangaren kamar ana kora shi, ya zuba a tanki har ya cika ya tumbatsa. Hajiya Maijidda ta shafa buhunan kabejinta ɗaya bayan ɗaya, ta ji su a bushe, sai ta kama hannuna da na Theodora ta shiga rawa. Oga Okey da ya yi alkawarin ba zai ƙara kuka ba bayan na tasha, ya juya baya wai ƙanƙara ce ta shiga idonsa.

Gaskiya ɗaya, indararon ya yi ƙanƙanta, yana fesa wa mai tumatir ta ƙarshe ruwa a ƙafa. Laifina ne, ban ba Fara lissafin ruwan Jos yadda yake ba. Na riga na gyara lambar, na san faɗin da ake bukata.

Dakta Nmachi ta ce in tambaye ka ko za ka yarda ka riƙa zuwa kana nuna wa ajinmu yadda ƙarfe yake, ko sau ɗaya a wata. Ta ce tun ranar da ta ga ka tsaya a bayana kana nuna fuskar kwamfuta da sandar walda, kana cewa in rage, in ƙara, take wannan tunani. Na ce mata ban sani ba.

Sannan Oga Okey yana tambaya: injin da ka bari a shagonsa ka ce za ka aiko a ɗauka, ya ɗora wa Ibrahima ran Talata?

Taka har kullum,
Ummusalma

*

Toro
29 ga Mayu

Uwata,

Alhamdu lillahi. Na karanta wa Tabawa, wannan karon ita ta ce in ƙara murya.

Kada ki bari kowa ya taɓa indararon, aikina ne. Ki faɗa wa malamarku ran Litinin ya fi mini, kuma 'yan ajinku su zo da takalmin kirki, ba silifa ba.

Injin kuma, ki ce wa Okey ya bar shi inda yake. Ya share mini gefen shagon, wajen da rana take faɗawa da safe, ya sa benci.

Baffanki,
Bala Mai Walda